Na Kai wa Yaya Ƙaho a Landan

Mun bar Kano ana idar da sallar asuba, ni da maigidana, a motar ƙaninsa da ya ce shi zai kai mu Abuja. Ku da kuke ta aiko mini da saƙo kuna cewa ina hotunan Landan, ku yi haƙuri, ba yawon buɗe ido na je ba. Yayana na je dubawa, wanda muke ciki ɗaya, mu biyu kaɗai muka rage. Wata huɗu da suka wuce aka yi masa aiki a wuya. Abin da aka gaya mana a waya shi ne ciwon daji ne a maƙogwaro, an yi aiki, an dace, sai dai ba ya magana. Ni kuma da yake ina ganin na san komai, ban tsaya tambaya ba. Na ɗauka irin aikin da ake yi wa mai maƙoƙo ne, a yi 'yan makonni murya ta dawo.

Hanyar Zariya zuwa Kaduna ba sai na ba ku labari ba, nan a yi gudu, can a karkatar da ku hannun masu tahowa, manyan motoci suna huci a bayanku. Na sayo wa Yaya kilishi ƙunshi guda, sai muna hanya matarsa ta bugo ta ce kada in kuskura in shigo da nama, za a karɓe a filin jirgi. Maigidan ya ce asara ba kyau, kafin mu kai Tafa shi da ƙaninsa sun ga bayansa. Ni ko ɗanɗanawa ban yi ba. Hankalina yana kan abin da ke ƙasan akwatina, naɗe cikin tsohon zanen mahaifiyarmu.

Ƙahon Baba ne. Mahaifinmu mafarauci ne a ƙauyenmu, can wajen Tudun Wada. In an gama girbi rani ya shiga, sai a buga ganga, maza su fito da gora da barandami, karnuka suna ta tsalle, Baba yana gaba da ƙahon nan a rataye. In ya busa sau ɗaya mai tsawo, duk karen da yake nasa, ko yana ina a dawa, sai ya juyo. Yaya tun yana ɗan shekara goma yake bin sa. Ni kuwa iyakata bakin zaure, in yi ta ihu tare da sauran mutanen gari har su ɓace. Da Baba ya rasu Yaya yana Landan, ƙahon ya zauna a wurina shekara da shekaru. Da na tashi tafiya na ce wace tsaraba ce za ta fi wannan? In ya ji sauƙi ya busa abinsa ya tuna gida.

Mun kwana a Abuja, jirgi ya tashi da safe, wajen la'asar muka sauka. A filin jirgi na nuna ƙahon da kaina don kada a ce na ɓoye wani abu. Ma'aikacin ya juya shi, ya leƙa ciki, ya miƙo mini. Matar Yaya ce ta zo tarbarmu, muka hau jirgin ƙasa biyu kafin mu isa Edmonton, unguwarsu a arewacin Landan. Abin da ya fara ba ni mamaki, tarago cike da mutane amma tsit, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. Maigidan ya gaishe da na kusa da shi, mutumin ya matsa gefe. Unguwar tasu kuwa ta ɗan yi kama da wurin mutane: shagunan Turkawa suna ƙanshin gurasa mai zafi, 'yan'uwanmu baƙar fata suna sayar da manja da doya, doyar da kuɗin guda ɗaya ya isa cefanen gidana na kwana biyu. Gidan Yaya flat ne na council, wato sashe a benen da ƙaramar hukuma ke ba da haya, hawa na shida.

Shi ya buɗe mana ƙofa da kansa. Innalillahi, Yaya ya rame. Mutumin da in ya yi gyaran murya a soro ake ji a madafa, ga shi tsaye da wani ɗan farin ƙyalle a gindin wuya, yana motsi duk sanda ya ja numfashi. Na ce, "Yaya, sannu." Ya buɗe baki, leɓɓansa suka motsa, ba abin da ya fito. Sai ya ɗauko wani ɗan farin allo daga aljihu ya rubuta, "Auta, kin yi ƙiba." Na yi dariya, hawaye suna zuba.

Ko mayafi ban cire ba na kwance ƙahon na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya shafa wurin da yatsun Baba suka goge har ya yi santsi. Ni da baki sai na ce, "To busa mana mu ji, ko ka manta?" Matarsa ta kama hannuna ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Gwaggo, ba fa hanya tsakanin huhunsa da bakinsa yanzu," in ji ta. "Maƙogwaron aka cire gaba ɗaya. Ta ramin nan na wuya yake numfashi. Ko shayi ba ya iya hurawa."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauko abu tun daga Kano, na tsallake teku da shi, na kawo wa ɗan'uwana abin da ba zai taɓa iya busawa ba har ya koma ga Allah, kuma na ce ya busa a gaban mutane.

A kwana biyun da suka biyo baya na ji labarin da Yaya bai taɓa ba mu ba. Mu dai mun san direban bas ne, shekara ashirin da wani abu. Ashe shekara takwas da suka wuce, wata Asabar yana yawo a bayan gari, ya ga wata tsohuwar Baturiya tana horar da karnukan farauta a gonarta. Ya tsaya kallo har ta gaji da ganinsa ta ce ya shigo. Tun daga ranar duk Asabar can yake wuni. Daga baya ta ware masa ɗan kwikwiyo baƙi, ya sa masa suna Duna, sunan karen Baba. Karen na tsohuwar ne, a gonarta yake kwana, domin ba a shigo da kare gidan da ake sallah, amma Yaya ne ya rene shi, shi yake shiga gasa da shi. Kayan zuwa gonar ma daban suke, a bayan mota suke zama. Wasu 'yan'uwanmu a masallaci suna ce masa Alhaji mai kare a bayan ido. Matarsa ta ce da yana da murya sai ya ce musu malamai sun halatta karen farauta, yanzu kuwa tsaki kawai yake yi. Tsaki dai ba ya buƙatar maƙogwaro, kuma na sha nawa rabon.

Gasar tasu ba irin farautarmu ba ce. A wannan lokacin na shekara ba a kashe komai. Wani ɗan ƙunshi ne na tamfol, kamar gorar ruwa, ake jefawa ko a ɓoye a ciyawa a matsayin tsuntsun da aka harbo, kare ya je ya ɗauko. Mai kare ba ya motsawa daga inda alƙali ya tsayar da shi. In kare ya yi nisa ya kauce hanya, sai ya busa usur sau ɗaya mai tsawo, kare ya tsaya cak ya waiwayo, sannan a nuna masa da hannu, dama ko hagu ko gaba. In babu usur kare ba zai waiwayo ba, in bai waiwayo ba hannu ba shi da amfani. To ga inda gizo ke saƙar: akwai gasa ranar Asabar ta sama, kuma Yaya da kansa ya rubuta wa tsohuwar cewa in bai iya sarrafa Duna a wannan gasar ba, ta ba wa wani. Kare ɗan shekara huɗu yana ganiyarsa, bai kamata a zaunar da shi don mai shi ya nakasa ba, haka ya rubuta. Akwai wani mutum can arewacin ƙasar, tafiyar awa biyar a mota, da ya daɗe yana son karen. Kwana tara ya rage mana mu samo abin da zai tsaya wa Yaya a madadin numfashi.

Ranar Juma'a da hantsi muka fita mu huɗu. Muka hau tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, zuwa tsakiyar gari, wani shagon kayan farauta mai darduma a ƙasa da kawunan barewa a bango. Maigidan ya ɗaga takardar kuɗin wata hula ya ajiye da sauri kamar ta ƙone shi, ya ce a gida wannan kuɗin rago ne da ƙahonsa. Ni a zatona riga riga ce. Ashe ba haka ba. Rigunan masu karnuka duk masu dogon wuya ne, ana zuge su har haɓa saboda iska. Yaya ya gwada ɗaya, ya zuge, nan take idonsa ya firfito, don ta toshe masa ramin numfashi. Muka yi ta cirewa ana kawowa har aka sami wata mara hannu mai buɗaɗɗen gaba, da manyan aljihuna na saka igiyar kare. Usur kuwa kowa a wuya yake rataye nasa, shi ba dama, igiyar za ta goge wurin aikin, sai aka nemo madaurin wuyan hannu. Takalmin ruwa ma ya fi rabin awa yana juya ƙasansu yana dannawa da yatsa. Na ce haba Yaya, takalmi ne fa ba amarya ba. Matarsa ta raɗa mini cewa in ya zame ya faɗa rafi, ruwan kai tsaye huhunsa zai shiga. Na ja bakina na rufe, na ɗan lokaci.

Abu ɗaya da ya ba mu dariya shi ne safar hannu. Turawa in sun ɗaga hannu daga nesa kare yana hangowa fari tas. Hannun Yaya kuwa in ya tsaya gaban duhun shinge sai ya saje. Da yana da murya ba ya damuwa, yanzu dole karen ya gan shi sosai. Ya zaɓi fara sol. Maigidan ya ce saura ya tsaya a shataletale ya ba motoci hannu. Yaya ya yi dariya, kafaɗunsa suna rawa ba sauti. Wannan dariyar ta fi kuka ciwo a wurina.

Mai shagon ya fito mana da usur iri-iri a faranti, na roba da na ƙahon barewa, kowanne da lambarsa, domin kowane kare da irin sautin da ya saba da shi. Duk na baki ne. Da matar Yaya ta yi masa bayani sai ya ce gaskiya bai taɓa samun mai neman wannan ba, mu gwada shagon kayan wasanni.

Muka wuce Whitechapel muka yi Juma'a. Masallaci ya cika har waje, yawanci mutanen Bangaladash, a bakin titi ana sayar da kayan miya da mayafai da turare kamar a Kantin Kwari. Muka ci shinkafa da yaji ya yi mata yawa. Yaya yana ci a hankali, ya rubuta mini cewa ƙanshi ma ya daina ji, ko an kawo kilishin asara za a yi. A wani shago can gaba muka sami usur na batir, irin na alƙalan wasan ƙwallo, ana danna shi da yatsa. Mai shagon ya danna, kunnena ya yi ɗif. Nan fa na tsaya kai da fata. Na ce wannan shi ne, wannan ko kurma ya ji. Ai a gida ƙahon da ya fi ƙara shi ne ƙaho, farauta da ganga da ihu ake yin ta. Yaya ya yi tsaki ya rubuta, "Ba ƙara yake bi ba, sautin da ya sani yake bi." Na ce kare kare ne. Ya dube ni, ya gaji, ya saya.

Washegari Asabar muka tafi gonar, can Essex, kamar awa ɗaya a mota. Gari ya ƙare, sai koren ciyawa da shinge da tumaki masu ƙiba, hanyar kuma siririya, in kun haɗu da wata motar sai ɗaya ya ja baya. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, busasshiya, hannunta kamar na manomi. Turancina na makarantar horon malamai bai kama nata sosai ba. Duna ya fito da gudu, baƙi wulik yana sheƙi, ya zo ya zauna daidai ƙafar Yaya ta hagu ya ɗaga kai yana kallon bakinsa. Ni dai na tattare hijabina na koma cikin mota na zuge gilashi, ba na son ya lashe ni in shiga aikin wanki. Daga can na yi kallo. Matar Yaya ta gaya mini cewa da Hausa ya horar da shi, zauna, bari, kawo, je ka, zo. Tsohuwar ta ce tun da aka yi aikin karen kullum bakin Yaya yake kallo yana jira.

Tsohuwar ce ta kawo wata dabara. Ta samo 'yar roba mai matsawa, irin ta hon ɗin keken masu tallan askirim, ta ɗaura a bakin tsohon usur ɗin Yaya. In an matsa, iska ta shiga, sautin da Duna ya sani ya fito. Amma siriri ne, ba ya wuce taku arba'in. Aka gwada nawa na batir, tumaki suka watse, Duna ko kunne bai kaɗa ba. Tsohuwar ta ce zai iya koya, amma watanni ake yi, ba kwana bakwai ba. Duk da haka Yaya ya ɗaura duka biyun a wuyan hannunsa. Makon nan kullum da safe yana gona, kullum da yamma ya dawo a gajiye yana tari ta wuya, matarsa tana goge masa. Wata rana Duna ya tsaya da na batir sau biyu a jere, Yaya ya dawo ya ci tuwo malmala biyu. Na ce kun gani ko?

Ranar gasa aka tashi da yayyafi da iska mai shiga ƙashi. Filin wata babbar gona ce, motoci sun jeru a cikin taɓo, mutane kusan duk cikin koren kaya, karnuka wajen talatin, amma ko haushi ɗaya ba ka ji. Wata mota tana sayar da shayi da naman da ba namu ba, mu muka ci burodi da ƙwan da muka taho da shi. An ja igiya, 'yan kallo a bayanta. Matar Yaya ta ce mini, "Gwaggo, don Allah a nan ba a magana fa, ko tafi sai an gama." Sau biyu ta faɗa. Na ce na ji, ni yarinya ce?

Zagaye na farko aka harba bindigar ƙarya aka jefa ƙunshin a gaban idon kare. Yaya ya kwance igiya, ya ƙyasta harshe, ya miƙa hannu. Duna ya tafi kamar kibiya ya dawo ya sa masa a tafin hannu. Na biyu ma haka, ba a nemi usur ba. Na ga tsohuwar tana gyaɗa kai. Zuciyata ta fara cewa an gama.

Na uku shi ne wanda ake ɓoye ƙunshin kare bai gani ba. An ajiye shi ƙetaren wani ɗan rafi, gindin shinge, nisa ya fi taku ɗari. Yaya ya daidaita Duna ya tura shi. Ya tafi miƙe, ya ƙetare rafin, sai iska ta kawo masa warin wani abu daga kurmin da ke hagu, ya karkata can. Yaya ya matsa robar, ni da nake kusa ma da kyar na ji, iska ta haɗiye. Ya sake matsawa. Ya danna na batir, ƙarar ta cika filin, karnukan da ke jiran layi duk suka zabura, Duna bai waiwayo ba. Yaya ya ɗaga farar safar sama yana kaɗawa, amma bayan kare yake kaɗa wa. Sai na ga Yaya ya buɗe baki iya buɗewa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, ƙyallen nan yana fal-fal, yana kiran karensa, ba abin da ke fita.

Ban san sanda na yi ba. Da muryar da nake kiran jikokina daga gida na uku na ce, "Duna! Kai Duna, tsaya!"

Ya tsaya cak kamar an ja shi da igiya. Ya juyo. Amma ba wurin Yaya ya duba ba. Ya ƙetaro rafin da gudu, ya wuce Yaya, ya wuce alƙali, ya kutso ƙarƙashin igiyar 'yan kallo, ya zauna a gabana jiƙe sharkaf, ya shafa mini taɓo a zane, ya ɗaga kai yana kallon bakina. Wata huɗu bai ji Hausa ba. Duk filin ido ya dawo kaina. Alƙalin ya taka a hankali zuwa wurin Yaya, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya rufe littafinsa. Taimako daga waje, an fitar da su. Yaya ya zo ya zura wa Duna igiya a wuya, bai dube ni ba.

A wurin motoci na tare tsohuwar na ce ta gaya mini gaskiya, da ban yi magana ba fa? Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce karen ya riga ya rage gudu, kuma halinsa ne in ya isa bakin kurmi bai sami komai ba, yakan waiwayo ya nemi hannun mai shi. Wataƙila da ya waiwayo, wataƙila da bai waiwayo ba. Ta dafa kafaɗata ta wuce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka kama hanyar komawa. Ruwa yana dukan gilashi. Yaya ko tsaki bai yi ba. Da muka tsaya a danja wajen shiga gari na kasa daurewa, na fashe da kuka na ce, "Yaya, ka yafe mini, ni na kashe maka." Ya ɗauki allon, ya daɗe yana rubutu, ya miƙo baya. "Bar kuka, Auta. Ni ma ihun na yi, nawa ne bai fito ba."

Na roƙe shi ya janye alkawarin, na ce laifina ne ba nasa ba, a jira wata gasar. Tsohuwar ma ta ce ba ta matsa ba. Ya ƙi. Ya rubuta cewa ko ban yi ihu ba, shi ya gani da idonsa, kare yana gudu shi ba shi da yadda zai tsayar da shi. Yau kurmi ne, gobe titi ne mai motoci.

Ranar Laraba mutumin arewa ya zo da akori-kura. Dattijo ne mai jan fuska, mai ladabi. Yaya ya ce lallai in bi su gonar, ban san dalili ba sai da ya miƙo mini allon da kalmomi biyar a jere. Ni zan faɗa, mutumin ya ɗauka a wayarsa ya koya, kada karen ya je wurin da ba wanda ya san maganarsa. Na tsaya a cikin taɓo, ni da nake gudun kare ya taɓa mini hijabi, na ce zauna, Duna ya zauna. Na ce je ka, ya tafi. Na ce kawo, ya kawo ya sa mini a hannu, na karɓa da yawun da komai. Baturen yana maimaitawa a bayana yana karya harshe, abin dariya ne amma ba wanda ya yi. Sannan Yaya ya kwance robar daga tsohon usur ɗinsa, ya goge shi da gefen riga, ya ba mutumin. Yaya ya durƙusa ya riƙe kan Duna da hannu biyu, ya daɗe. Aka buɗe bayan mota, kare ya haye. Muna tsaye har suka sha kwana.

Kwana huɗu bayan nan muka taho. Ina haɗa kaya na lallaɓa na ɗauki ƙahon zan mayar akwati, don kada ya riƙa gani yana tuna wautata. Ya kama hannuna ya karɓe. Akwai wata ƙusa a bayan ƙofar falo inda usur ɗinsa yake rataye shekara takwas, nan ya rataye shi. Usur ɗin batir kuwa ya jefa mini a jaka, ya rubuta in kai wa 'yan ƙwallon unguwarmu, tun da ni na zaɓa. Sabon takalmin da farar safar suna nan a bayan mota, matarsa ta ce ya hana a taɓa.

Jirgi ya sauke mu Abuja, muka sake bin hanyar Kaduna da ramukanta, muka shigo Kano da la'asar, zafi kamar a tanda, masu adaidaita suna ta hon, maƙwabta suna ihun sannu da zuwa tun daga bakin layi. Da can wannan hayaniyar ita ce daɗin dawowa gida. Wannan karon sai na ji ta yi mini yawa.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa, kuma da tsada na koye shi. In an ce muku an yi wa ɗan'uwanku aiki, ku tambaya wane iri, me aka cire, me ya rage, kafin ku ɗaura tsaraba. In mai abu ya ce ga abin da karensa yake ji, ku yarda, shi ya rene shi. In kuma kun je wurin da aka ce a yi shiru, to ku yi, ko da zuciyarku za ta fashe. Ni na farkon ban tambaya ba, sauran biyun an gaya mini, ban ji ko ɗaya ba.

Shekaranjiya na kira Yaya ta bidiyo. Na fara zuba kamar yadda na saba, labarin zafi da tsadar tumatir da bikin 'yar maƙwabta, yana gyaɗa kai. Sai na hango ƙahon Baba a bayansa, a jikin ƙofa. Maganar ta tsaya mini. Bai ɗauko allo ba, ni ma ban ƙara cewa komai ba. Muka zauna muna kallon juna, shi a Edmonton ni a Kano, har aka kira magariba a masallacin layinmu. Ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa, na kashe wayar.